Farin Ɓera Mai Baƙin Ido: Ƙarancin Jini, Launin Fata da Rashin Haihuwa a Jikin Dabba Ɗaya



Na san akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa suka yi murmushi, gama a wurinmu ɓera ba abin da za a tara jama'a a kansa ba ne, sai dai a ɗana masa tarko ko a nemo masa kyanwa. To, ɓeran da za mu yi magana a kansa yau ba na rumbu ba ne. Wani ɓera ne da ake kiwo a ɗakunan bincike na Amurka da Turai da Japan, an san iyayensa da kakanninsa kamar yadda ake sanin asalin dokin sarki. Fari ne fat, idonsa baƙi ƙirin, jininsa bai cika ba, sa'an nan kuma ba ya haihuwa, namiji ne ko tamata. Masana sun shafe shekara sittin da 'yan kai suna tambayar abin da ya haɗa waɗannan larurori uku a jikin dabba ɗaya, alhali kuwa a zahiri babu dangantaka tsakanin jini da gashi da haihuwa. Amsar da aka samu a ƙarshe ita ce ta buɗe hanyar maganin wani ciwon daji da a da ba ya jin magani.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi biyu. Jikin kowace dabba an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Waɗannan zan riƙa kiran su ƙwayoyin jiki. A cikin kowace ɗaya akwai zaruruwa da ake kira kuromosom, ɓera yana da tagwaye 20, ɗan Adam yana da 23, kuma a jikinsu ne aka jera umarnin da ɗa yake gada daga iyayensa. Kowane umarni guda shi zan kira ƙwayar gado. Biyu-biyu suke zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan kuskure ya auku wajen kwafe umarnin, sai ya zama tawaya wadda za ta bi zuriya.

Asalin ɓeran

Tun farkon ƙarni na 20 masu kiwon ɓeraye suka lura da wani iri mai farin tabo a ciki, da fararen ƙafafu, da farin bakin wutsiya. Aka sa wa ƙwayar gadon da ke jawo wannan tabo harafin W. Ɓeran da ya gaji W daga ɓangare ɗaya kaɗai lafiyarsa ƙalau, tabon ne kawai. Amma idan aka haɗa masu tabo biyu aure, sai a ga kusan ɗaya cikin kowane 'ya'ya huɗu ya fito jikinsa a koɗe, ya mutu cikin 'yan kwanaki bayan haihuwa. A shekarar 1927 wata masaniya mai suna Sophie de Aberle ta bayyana cewa ƙarancin jini na gado ne yake kashe su.

Dabbar da ke mutuwa tana jaririya ba ta da amfani mai yawa ga mai bincike. Sai a 1937 aka sami mafita, lokacin da Clarence Little, wanda ya kafa Cibiyar Jackson a garin Bar Harbor na Jihar Maine a 1929, shi da abokin aikinsa Cloudman suka ba da labarin wata tawaya a wannan gurbi ɗin dai, amma mai sauƙi, wadda aka sa wa suna Wv. Idan ɓera ya gaji W daga ɓangare ɗaya, Wv daga ɗayan, yakan rayu har ya girma, da larurorinsa uku cif. Wannan shi ne ɓeran namu, W/Wv.

Ku lura da wani abu a nan. Tun da yake ba ya haihuwa, ba shi yiwuwa a ajiye garkensa ya riƙa yaɗuwa da kansa. Dole kowane lokaci a koma a haɗa mai ɗauke da W da mai ɗauke da Wv, a sami kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan fararen nan, kashi ɗaya lafiyayyu sarai, sauran kashi biyu masu tabo. Lafiyayyun su ne ma'aunin da ake gwada 'yan'uwansu da shi, gama ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha. Wadda ta fi kowa hidima ga waɗannan ɓeraye ita ce Elizabeth Russell ta Cibiyar Jackson, wadda kuma ita ce ta tsaya a kan sake tara garken cibiyar daga hannun masu bincike na wurare daban-daban bayan gobarar daji ta 1947 ta cinye kusan dukan ɓerayen da ke wurin.

Wani zai ce, ai farin ɓera ba baƙo ba ne a ɗakin bincike. Gaskiya ne, amma wancan zabiya ne, idonsa ja. Zabiya yana da ƙwayoyin da ke yin launi, suna nan a wurarensu, sai dai ba sa iya haɗa baƙin rinin. Shi kuwa W/Wv ƙwayoyin launin ne ba su iso fatarsa ba sam. Abin da ya sa idonsa ya zama baƙi shi ne, launin da ke can bayan ido daga wani tushe daban yake fitowa, a nan inda yake ake yin sa, ba ya bukatar tafiya. Ƙarancin jininsa ma ba irin amosanin jinin da muka sani a ƙasarmu ba ne, inda jajayen ƙwayoyin jini suke lanƙwashewa kamar lauje. Nasa jajayen ƙwayoyin siffarsu daidai take, har ma kowace ta fi ta lafiyayye girma, yawansu ne ya kasa.

Matafiya uku

Kalmar tafiya da na ambata yanzu ita ce bakin zaren. Ɓera yakan yi kwana 19 zuwa 21 a cikin uwarsa, kuma a cikin waɗannan 'yan kwanaki akwai ƙwayoyin jiki iri uku da ba a inda aka haife su suke zama ba.

Na farko su ne masu yin launi. Daga gefen lakar tayi suke tasowa, watau ta gadon baya, su gangara ta ɓangarorin jiki biyu suna yaɗuwa har su haɗu a ciki. Idan yawansu ya kasa, wuraren da suka fi nisa da gadon baya su ne za su rasa: tsakiyar ciki, ƙafafu, bakin wutsiya, goshi. Ga dalilin tabon ke nan, kuma duk wanda ya taɓa duban doki danda ko akuya mai farin ciki ya ga irin wannan tsari da idonsa. Na biyu su ne iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda sukan yada zango a hantar tayi kafin su tare a ɓargo, inda za su riƙa samar da jini har ƙarshen rayuwa. Na uku su ne ƙwayoyin haihuwa, waɗanda daga baya za su zama maniyyi ko ƙwai. Waɗannan sukan fara ne 'yan kaɗan, kamar arba'in, a can ƙarshen tayin wajen kwana na bakwai zuwa na takwas, su bi ta bangon hanji har su isa inda maraina ko ma'ajiyar ƙwai za ta tsiro, suna ruɓanya a hanya, kafin kwana na goma sha huɗu sun kai wajen dubu 25. A 1957 Beatrice Mintz da Elizabeth Russell suka ƙirga su a tayin ɓerayen W, suka tarar cewa sukan fara da yawansu daidai da na kowa, amma daga nan ba sa ƙaruwa, kaɗan ne ƙwarai suke isa masauki.

Ashe ke nan abin da ya haɗa jini da launi da haihuwa shi ne, dukansu daga ƙwayoyi matafiya suke fitowa, waɗanda sai sun rayu sun yaɗu a wurin da ba nasu ba. Wannan ya rage duhun, amma bai faɗi abin da ya lalace ba.

Iri ne ya lalace ko gona?

A nan ne labarin ya fi daɗi, kuma a nan nake so ɗalibai su fi kasa kunne, domin darasi ne na yadda ake yin tambaya. A 1956 aka ba da labarin wata sabuwar tawaya a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka, aka sa mata suna Steel, a taƙaice Sl. Bayan 'yan shekaru aka sami mai sauƙinta a Cibiyar Jackson, Sld. Ɓera mai Sl/Sld in ka ajiye shi kusa da W/Wv ba ka iya rarrabe su: fari, baƙin ido, ƙarancin jini, rashin haihuwa. Amma ƙwayoyin gadon biyu ba wuri ɗaya suke ba. W tana kan kuromosom na 5, Sl tana kan na 10. Cuta ɗaya a ido, sanadi biyu.

Manomi ya san wannan matsala. Idan shuka ba ta fito ba, ko dai irin ne ya mutu, ko kuwa ƙasar ce ta gaji. Hanyar ganewa ita ce a kai irin wata gona, a kawo wa gonar wani iri. Abin da masana suka yi ke nan. Tun cikin shekarun 1950 Russell da abokan aikinta suka ga cewa idan aka ɗura wa W/Wv ƙwayoyin da ke samar da jini daga lafiyayyen ɗan'uwansa, jininsa yakan cika, ya kuma zauna a cike. Abin mamaki ma, ba a bukatar a fara kashe nasa ɓargon da hasken eksire kamar yadda aka saba kafin dashe, baƙin ƙwayoyin da kansu suke rinjayar na gida. Da aka gwada wannan magani a kan Sl/Sld, sai ya ƙi ci.

A birnin Toronto na Kanada, James Till da Ernest McCulloch sun gano wata dabara a 1961. Sukan haska ɓera da eksire har ɓargonsa ya mutu, su ɗura masa ɓargon wani, bayan kamar kwana goma su duba saifarsa, sai su ga ƙuraje sun fito a kanta, kowane ƙurji zuriyar uwar ƙwaya guda ce. Da haka aka fara ƙirga iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda har lokacin ba wanda ya taɓa ganin su. A 1964 suka gwada ɓargon W/Wv, bai ba da ƙurajen kirki ba. A 1965, tare da Russell da wasu, suka gwada na Sl/Sld, ya ba da ƙuraje daidai da na lafiyayye. Amma da aka ɗura lafiyayyen ɓargo a jikin Sl/Sld, sai ya kasa tsiro. Har ma ɓargon Sl/Sld yakan warkar da W/Wv, watau mara lafiya ya warkar da mara lafiya. Hukunci ya fito fili: a jikin W iri ne ya lalace, a jikin Steel gona ce. Daga baya aka maimaita irin wannan musaya da fatar tayi da ƙwayoyin launi, amsa ta fito iri ɗaya.

A ganina wannan shi ne aiki mafi kyau a tarihin ɓeran nan, ya fi ma gano ƙwayar gadon kanta. An yi shi ba tare da an san ko da harafi ɗaya na umarnin da ya lalace ba, da allura da saifa da ƙirga kawai, kuma masana suka yi hasashen cewa ɗaya ƙwayar gadon tana samar da wani kira ne, ɗayar kuma tana samar da kunnen da ke jin kiran. Sai da aka yi shekara ashirin da biyar kafin a tabbatar.

Ana cikin wannan jira sai larura ta huɗu ta bayyana. A 1978, shekara ɗari cif bayan Paul Ehrlich na Jamus ya fara bayyana wasu ƙwayoyin jiki da ake kira mast, Yukihiko Kitamura na birnin Osaka ya tarar cewa a fatar W/Wv yawansu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na lafiyayye ba. Waɗannan ƙwayoyi su ne masu fesa sinadarin histamin, su ke da hannu a borin jini da asma da kumburin cizon ƙwaro. Da aka dasa wa ɓeran lafiyayyen ɓargo sai suka dawo, aka gane ke nan daga ɓargo suke fitowa, abin da a da ake gardama a kansa.

Kyanwa ta warware matsalar ɓera

A 1986 Peter Besmer da abokan aikinsa a birnin New York suna binciken wani bairas da aka samo daga ciwon dajin wata kyanwa, suka tarar yana ɗauke da wata ƙwayar gado da ya sato daga jikin kyanwar, suka sa mata suna kit. Ba da jimawa ba aka gano cewa mutum da ɓera duk suna da ita, kuma furotin ɗin da take samarwa yana zaune ne a bangon ƙwayar jiki, rabinsa a waje, rabinsa a ciki. Na wajen shi ke karɓar saƙo, na cikin shi ke tayar da ƙwayar ta rayu, ta rabu biyu, ta yi tafiya. A 1988 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Toronto ɗaya a Amurka, suka nuna cewa W da kit abu ɗaya ne. A 1990 kuma ƙungiyoyi da dama suka fito kusan lokaci guda da shaidar cewa Steel ita ce mai samar da furotin ɗin da ke manne wa kit ya tashe shi. Kunne da kira, kamar yadda aka zata. Ƙwayoyin W kurame ne, ana kiran su ba sa ji; a jikin Steel kuwa ƙwayoyin suna ji sarai, masu kiran ne suka yi shiru.

Daga nan sauran bayanai suka riƙa faɗowa. A tawayar W ta asali furotin ɗin ba ya isa bangon ƙwaya sam, shi ya sa mai W biyu yake mutuwa. A Wv yana isa, amma tubali ɗaya tak ya sauya a ɓangarensa na ciki, sai ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Sld kuwa ta koyar da wani abu da ba a zata ba: ɓeran yana samar da kiran, amma irin wanda ke yawo a ruwan jiki kaɗai, ya rasa irin da ke kafe a bangon ƙwayar da ke kira. Tun da yake duk da haka yana fama da larurorin, an gane cewa saƙo daga nesa bai wadatar ba, sai ƙwayoyin biyu sun jingina da juna.

Daga ɓera zuwa mutum

A 1991 aka nuna cewa tawayar wannan ƙwayar gado ita ke jawo wata halitta da ake haifar wasu mutane da ita: farin gashi a gaban goshi, da fararen tabbai a ciki da gwiwoyi, gadon baya kuwa da launinsa. Ba zabiyanci ba ne, ba kuturta ba ce, ba a ɗaukar ta, kuma masu ita jininsu da haihuwarsu lafiya lau, domin ɗaya daga cikin biyun ce kawai ta tawaya, kamar dai ɓera mai tabo. Ita ce kuma aka samu a bayan farin launi da dabbare-dabbare na wasu dawaki da aladu da shanu.

Sai kuma hanji. Akwai wasu ƙwayoyi a bangonsa da Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya bayyana a ƙarshen ƙarni na 19, aka daɗe ana zaton su ne masu kiɗan da hanji ke bi yana motsi. A 1995 aka nuna cewa W/Wv ya rasa wani rukuni na waɗannan ƙwayoyi a ƙaramin hanjinsa, kuma ya rasa wannan kiɗa. Wannan ya sa mutanen Kitamura suka juya tambayar: idan rashin kit yana hana waɗannan ƙwayoyi tsiro, me zai faru idan kit ya ƙi yin shiru? A 1998 Seiichi Hirota da Kitamura suka ba da amsa. Wani ciwon daji na bangon ciki da hanji, wanda likitoci ke kira GIST, a mafi yawansa, kamar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, kit ne ya lalace ta yadda yake jin kira ko da ba wanda ya kira, ƙwayoyin su yi ta rabuwa ba tsayawa. Wannan ciwo idan ya bazu ba ya jin magungunan daji da aka saba da su. Aka yi sa'a kuwa akwai wani magani mai suna imatinib da aka haɗa domin wani dajin jini, wanda aka san yana toshe kit. A shekarar 2000 aka ba wata mata a ƙasar Finland wadda ciwonta ya riga ya bazu, ƙarin ya ja da baya, kuma a 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin wannan ciwo. Ba kowa yake warkarwa ba, gama sau da yawa ciwon yakan sake rikiɗa ya daina jin sa bayan 'yan shekaru, amma ya tsawaita rayuwar mutane masu yawa. Likitoci sun kuma lura cewa wasu masu shan sa, musamman baƙaƙen fata, fatarsu takan yi haske muddin suna sha. Wanda ya san farin ɓeran nan ba zai yi mamakin haka ba.

Wajibi ne in faɗi inda ɓeran ya ruɗi masana. Shekara da shekaru ana amfani da W/Wv a matsayin ɓera marar ƙwayoyin mast, duk abin da aka ga ya bambanta da ɗan'uwansa sai a ɗora wa rashinsu, aka manta cewa dabba ce mai ƙarancin jini, mai tawayar hanji, mai larurori da dama a lokaci guda. Daga 2011, da aka ƙirƙiro ɓerayen da suka rasa ƙwayoyin mast amma kit ɗinsu lafiya, sai wasu daga cikin tsofaffin sakamakon suka ƙi maimaituwa, musamman game da ciwon gaɓoɓi da cututtukan da jiki ke yaƙar kansa. Laifin ba na ɓeran ba ne, na masu gaggawar yanke hukunci ne.

Saura haihuwa. A 1994 Ralph Brinster na Jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa ana iya ɗebo iyayen ƙwayoyin maniyyi daga marainan wani ɓera a dasa su a na wani, su kama su yi aiki, kuma ɓerayen W suna cikin waɗanda aka yi wa dashen, domin marainansu fanko ne, ba mai yi wa baƙi kishiya. A shekarar 2000 shi da Takehiko Ogawa da abokan aikinsu suka maimaita tsohuwar musayar nan ta iri da gona. Suka ɗebo 'yan ƙwayoyin da suka rage a marainan Sl/Sld, wanda ba ya haihuwa, suka dasa a marainan ɓeran W, wanda shi ma ba ya haihuwa. Ƙwayoyin farko suna da kunne, masaukin da aka kai su yana da kira. Maniyyi ya samu, aka haɗa wasu daga cikin ɓerayen da mata, suka haihu, kuma da aka bincika 'ya'yan sai aka tarar gadon ɓeran Steel suke ɗauke da shi, ba na wanda ya yi barbarar ba.